Kafin Ka Biya Kuɗin Fuloti a Bayan Garin Makka

Tun da rusau ya ci tsofaffin unguwannin tsakiyar Makka, musamman inda aikin gine-ginen da ake kira "Masar" ya ratsa ta wajen Hindawiyya da Tandabawi, idon Hausawan da suka yi shekara da shekaru a garin ya koma bayan gari. Ana zancen Shara'i ta gabas, Nawwariyya ta arewa, filayen Waliyyul Ahdi ta kudu, da Bawwabatu Makka a kan hanyar Jidda. Dillali zai shimfiɗa maka taswira mai kyau: ga kashi na ɗaya an fara gini, ga na biyu, ga na uku can ƙurya, mai araha. Shawarata ita ce kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka tabbatar hukuma ta amince da kashin da fulotinka yake ciki, shi kansa.

Dalilin yana cikin yadda ake duba irin wannan aiki. Mai babban fili yana miƙa taswirar yankan unguwa, wadda mazauna ke kira mukaɗɗaɗ, ga hukumar birni, wato Amanatul Asimatil Muƙaddasa. Amincewar hawa biyu ce. Ta farko tana cewa zanen ya yi: faɗin tituna, wurin masallaci, makaranta da lambu, don doka tana ɗibar kusan kashi ɗaya cikin uku na filin domin amfanin jama'a. Ta ƙarshe kuwa tana jiran a ga aiki a ƙasa, wato kwalta, wuta, bututun ruwa da magudanai. Idan unguwar kashi-kashi za a yi ta, kashi na ɗaya yana iya samun amincewar ƙarshe alhali na uku tsakuwa ce da duwatsu. A nan ake cin mutane, ana nuna musu fitilun kashin farko a sayar musu da duhun na ƙarshe. Mutumin Kano ya san bambancin filin gwamnati da awon igiya, to wannan ɗan uwansa ne, sai dai ya sa babbar riga.

Sai batun iyakar gari. Biranen Saudiyya suna da layin da aka shata, Niɗaƙ Umrani, wanda aka raba zango-zango har zuwa shekarar 1450 bayan Hijira, bayansa kuma akwai wani layin na kare filayen da gari zai buƙata nan gaba. Filin da lokacinsa bai zo ba, gwamnati ba ta ɗauki alkawarin kai masa titi ko ruwa yanzu ba, nauyin yana kan mai aikin. Saboda haka ka tambaya kai tsaye: wa zai yi titin da zai haɗa unguwar da babbar hanya, kuma a wane kashi? In amsar ta zama "in sha Allahu nan kusa" ba tare da takarda ba, ka riƙe kuɗinka. Iyalin da ke sayen ruwan tanka kowane mako, yara na tafiya mai nisa zuwa makaranta, su suka san abin da arahar ta ci musu.

Ka nemi lambar taswirar da lambar fulotin, ka duba su a manhajar Baladi ko ka taka zuwa ofishin baladiyya, wato reshen hukumar birni na yankin. Ka nemi ganin sakki, takardar mallaka, ka tabbatar sunan da ke kai na mai sayarwa ne kuma ba a jinginar da filin ba. Takardar hannu da shaidu biyu ba sakki ba ce, kuma masu irinta ne suka fi shan wahala lokacin biyan diyyar rusau. Idan tun a taswira ake sayarwa, dole aikin ya kasance yana da lasisin Wafi, tsarin da ke ƙarƙashin hukumar kula da harkar gidaje da filaye, kuma kuɗinka asusun amana na aikin zai shiga. Duk wanda ya ce ka tura asusunsa na kansa, ka miƙe ka tafi. Ka kuma sa harajin cinikin fili na kashi 5 cikin 100 a lissafi, ku rubuta wanda zai ɗauke shi.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ruwa. Makka gari ne na duwatsu da kwaruruka, kuma fili mai laushi da ya kwanta sumul sau da yawa hanyar ambaliya ce. Ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 ta kashe fiye da mutum 100, kuma unguwannin da aka gina a bakin kwari ne suka fi jin jiki. Ka je filin da ƙafarka, ka dubi inda yashi ya taru da inda ruwa ya zaizaye ƙasa, ka tambayi makiyayan wurin. Ka kuma nemi a nuna maka binciken hanyar ruwa da aka haɗa da taswirar.

Dillalai kan ɗora kuɗi da cewa fili "cikin Harami yake". Iyakokin Harami suna da alamomi a tsaye, kamar na Tan'im da na Shumaisi. Ka auna da su.

Ga wanda ba ɗan ƙasa ba, tsohuwar doka ta hana baƙo mallakar fili a Makka da Madina. Sabuwar dokar da majalisar ministoci ta amince da ita a Yulin 2025 ta buɗe ƙofa ga Musulmi, amma da sharuɗɗa kuma a wuraren da gwamnati ta ware. Ka tabbatar filin yana cikinsu kafin komai. Kada kuma ka sayi fili da sunan wani ɗan ƙasa, ko da surukinka ne. Ranar da ya rasu, filin na magadansa ne a idon kotu, 'ya'yanka kuma ba su da takardar da za su ɗaga.