INJIN ESFIRESO MAI ARAHA: A SAYA KO A BARI?

A yau zan yi ɗan bayani ne a kan wani inji da ya cika kantunan zamani, wato injin dafa gahawa irin wadda ake kira esfireso. Mutum zai gan shi yana ƙyalli, kuɗinsa kuma ba su kai na manyan da ke gidajen shan gahawa ba, sai zuciya ta ce masa ya ɗauka. To, amma kafin ya zura hannu aljihu, ya kamata ya san abin da zai saya. Darasin da ke ciki kuwa ya shafi sayen kowane irin kayan aiki.

MENE NE ESFIRESO?

Esfireso wata hanya ce ta dafa gahawa wadda aka ƙirƙiro a ƙasar Italiya. Ana niƙa 'ya'yan gahawa su yi laushi, a danne garin a cikin wata 'yar rariya ta ƙarfe, sa'an nan a tura ruwan zafi da ƙarfi ya ratsa ta cikinsa. Bisa al'adar mutanen Italiya, gari giram 7 shi ke ba da kofi ɗaya mai kimanin mililita 25, a cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Ruwan kuma ba a son ya tafasa, zafinsa ya tsaya wajen digiri 90 zuwa 96. Ƙarfin turin ruwan kuwa ana auna shi da ma'aunin da ake kira bar, ana bukatar kamar bar 9, wato ninki tara na nauyin iskar da ke kanmu. Idan an dace, sai a ga wata kumfa ja-ja ta taso a sama, ita ce ake kira kirema.

Wannan fasaha ba rana ɗaya aka kai gare ta ba. A shekarar 1884 wani mutumin birnin Turin mai suna Angelo Moriondo ya yi rajistar injin dafa gahawa da tururi. A 1901 Luigi Bezzera na birnin Milan ya gyara shi yadda zai riƙa zuba wa kowa kofinsa nan take. Amma ƙarfin tururi kaɗan ne. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wajen 1947 zuwa 1948, Achille Gaggia ya fito da inji mai mariƙin da ake ja da hannu, wanda ya ba da ƙarfin da ke fid da kumfar nan. A 1961 kamfanin Faema ya fito da injin E61 mai famfon lantarki. Kun ga ke nan an yi shekaru fiye da saba'in ana neman abu guda, wato isasshen ƙarfi tare da zafi daidai wa daida. Waɗannan abubuwa biyu su ne ma'aunin kowane inji.

IRE-IREN MASU ARAHA

Injunan gida masu araha iri uku ne. Na farko shi ne mai aiki da tururi, wanda ya fi kowanne sauƙin kuɗi. Ba shi da famfo, ruwa ne ke tafasa tururi ya tura shi. Ƙarfinsa bai wuce bar 3 ko kusa da haka ba, ruwan kuma ya cika zafi, don haka gahawar kan fito da ɗaci. Gahawa ce mai ƙarfi, amma ba esfireso ba ce.

Na biyu shi ne mai ɗan famfon lantarki. Wannan yana iya kaiwa ƙarfin da ake bukata. A jikin kwalinsa za ka ga an rubuta bar 15 ko ma 20 da manyan baƙaƙe. Kada wannan ya ruɗe ka. Iyakar ƙarfin famfon ke nan, gahawa kuwa bar 9 take so, ƙarin ba ya ƙara mata daɗi. Inda irin wannan inji ya fi gazawa shi ne wajen riƙe zafi, domin tukunyarsa ƙarama ce, zafin kan hau ya sauka. Haka kuma yawancinsu suna zuwa da rariya mai ƙasa biyu, wadda ke matse ruwan ta wata 'yar huda guda ɗaya. Wannan dabara kan sa kumfa ta taso ko da garin ya tsufa. Mai kallo sai ya yi wa rogo kallon kitse.

Na uku shi ne mai amfani da 'yan ƙananan gwangwanaye da aka riga aka cika da gari, kamar na Nespresso wanda aka fara a 1986. Ba shi da wahalar aiki, injin kuma kan yi araha. Sai dai kowane kofi yana cin gwangwani guda, kuɗin gwangwanin kuwa ya fi na garin da za ka saya a buhu. A nan tsadar take ɓoye.

KUƊIN DA BA A RUBUTA A KWALI BA

Abu na farko shi ne injin niƙa. Esfireso tana son gari mai laushi wanda ƙwayoyinsa suka yi daidai da juna, kuma sabon niƙa, gama ƙanshin gahawa yana gudu da sauri bayan an niƙa ta. Injin niƙa mai wuƙa yana yayyanka ta ne barkatai, wani wuri tsaki wani wuri ƙura. Wanda ke murje ta tsakanin haƙora biyu shi ne ya dace, kuma sau da yawa kuɗinsa kan yi kusa da na injin dafawar, ko ma ya fi.

Na biyu, wutar lantarki. Irin waɗannan injuna kan ci wat 1,000 zuwa 1,500, kamar dutsen guga. Ƙaramin janareton gida ba zai iya ɗaukarsu ba. Wanda kuma ɗan'uwansa zai aiko masa daga Amurka ya lura, wutar can bolt 120 ce, tamu kuwa 230 ce kamar ta Turai. In ya jona shi haka nan, injin ya ƙone.

Na uku, tsabta da gyara. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana barin wani farin abu kamar alli, irin wanda muke gani a gindin butar shayi. Shi ne ke toshe 'yan siraran bututun injin, sai an riƙa wanke su da ruwan tsami na musamman. Robar bakin injin ma tana cinyewa. In babu mai sayar da kayan gyaransa a garinku, ranar da ta lalace injin ya zama kayan ado.

MU YI LISSAFI

Ga wani misali wanda ɗan aji ɗaya ma zai iya bugawa. A ce injin dafawa da na niƙa sun tashi Yuro 150. A ce kofi ɗaya a kanti Yuro 2 ne, a gida kuwa gari da wuta suna cin rabin Yuro. Ke nan kowane kofi ana rage Yuro ɗaya da rabi. In aka raba 150 da ɗaya da rabi, za a sami kofi 100. Mai shan kofi ɗaya kullum zai mai da kuɗinsa cikin kwana 100, wato wata uku da 'yan kwanaki. Mai sha sau ɗaya a mako kuwa sai ya yi mako 100, kusan shekara biyu, mai yiwuwa ma injin ya lalace kafin nan. Kowa ya sa farashin garinsu a wannan lissafi, zai ga matsayinsa. A tuna kuma ƙunshin giram 250 yana ba da kofi 35 ne, in ana zuba giram 7.

Kada kuma wani ya ce zai yawaita sha don ya mai da kuɗinsa da wuri. Kofi ɗaya yana ɗauke da kimanin miligiram 60 na sinadarin kafin, mai hana barci. Masana lafiya a Turai da Amurka sun ce baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini, mai juna biyu da yara kuwa ƙasa da haka sosai. Wannan gargaɗi ne gare mu ɗalibai masu raya dare lokacin jarrabawa.

TO, WA YA KAMATA YA SAYA?

Wanda ke shan esfireso kullum, yana da tsayayyar wuta, yana iya sayen injin niƙa mai kyau, kuma ba ya ƙyashin wanke-wanke, to, inji mai famfo zai amfane shi. Ya zaɓi wanda ake samun kayan gyaransa, ko da ya ɗan fi tsada, domin sayen nagari mai da kuɗi gida.

Wanda kuwa gahawa mai ƙarfi kawai yake so, akwai 'yar tukunyar nan da ake kira Moka, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933. Ba ta bukatar lantarki, a kan risho ko gas ake ɗora ta, ba abin da ke lalacewa a jikinta sai roba, kuɗinta kuma kaɗan ne. Har yanzu ita ce ake gani a gidajen Italiyawa da yawa, su da suka ƙirƙiro esfireson. Mutanen Habasha ma, inda gahawa ta samo asali, a tukunyar ƙasa da ake kira jabana suke dafa tasu, haka nan mutanen Sudan.

Shi kuwa mai tururi, shawarata a bar shi a kanti, tun da Moka tana yin aikinsa da kuɗi ƙasa da nasa.

Daga ƙarshe, ina roƙon iyayenmu da 'yan'uwana, duk abin da za mu saya mu tambayi kanmu sau nawa za mu yi amfani da shi, me zai riƙa ci bayan an saye shi, wa kuma zai gyara shi in ya lalace. Araha ba ta ado. Allah ya sa mu amfana da abin da muka karanta, amin.