Darasi: Ma'anar Kalmar Algus

Abin karantawa: Amos 8:4-7, 1 Bitrus 2:1-3.

Kalmar nan algus daga Larabci ta shigo Hausa, waɗansu kuwa su kan ce algushu. Ma'anarta a garwaya abu mai-kyau da marar-kyau, a sayar da shi da sunan mai-kyau. Wanda ya saba cin kasuwa a Mubi ba ya bukatar a fassara masa: nonon da aka ƙara wa ruwa, buhun dawa mai-tsaba a bisa da ƙaiƙayi a ƙasa, mudun da aka buga gindinsa ya lotsa.

Sai mu lura da bambancinsa da ƙarya. Maƙaryaci da bakinsa ya ke yi. Mai-algus kuwa ya iya yini a rumfa bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, gama kayansa su ke yi masa ƙaryar. Domin wannan zuciyarsa ba ta cika damunsa ba, ya kan ce, "Ai mai-saye yana da ido."

Annabi Amos ya iske wannan hali cikin Isra'ila a zamanin sarki Yerobowam na 2, wajen shekara 760 kafin haihuwar Almasihu. Abin tsoro shi ne, 'yan kasuwan nan masu-kiyaye Asabar ne. Ba su kasa kaya ran hutu ba, amma sun ƙosa ranar ta wuce domin su rage mudu, su sayar wa matalauci sharar alkama. Ubangiji ya rantse ba za ya manta da ayyukansu ba.

Cikin Helenanci, harshen Sabon Alkawari, kalmar ita ce dolos, asalinta kuwa abincin da a kan sa wa kifi a ƙugiya. Sa'anda Bitrus ya kwatanta Maganar Allah da madara ya kira ta adolos, watau babu algus cikinta. Bulus kuma, cikin 2 Korintiyawa 4:2, ya ƙi ya yi wa Maganar algus.

A nan darasin ya taɓa mu da ke koyarwa cikin ikilisiya. Kadan mai-wa'azi ya sassauta maganar tuba domin attajirin da ya ba da kwanon rufin majami'a yana zaune a gaba, bai yi ƙarya ba, ruwa dai ya zuba a nonon. Jariran bangaskiya su sha, cikinsu ya cika, su yi ta ramewa.

Tambaya: Wace aya ce mu kan tsallake sa'anda manyan gari su ke cikin sujada?