Gadali, albasar da ba a ci

In ruwan fari ya sauka a ƙasar Kurfai, wajen watan Yuni, ku duba bakin tabki da ƙwaruruwan Dallol Boso. Inda jiya babu komi sai ƙasa busassa, yau ga ganye ya fito, dogo, mai santsi. Bayan ƴan kwanaki sai fure ya biyo, fari babba, da jan zane a tsakiya. Shi ne gadali. Wasu na ce mishi albasar kwaɗi.

Ba shuka shi aka yi ba. Kwansa na nan cikin ƙasa tun bara. Da rani ganyen ya bushe, kwan ya kwanta da ruwan da ya tara, kamar mai hatsi a rumbu, har damina ta komo.

Ana dasa shi a gida. A sami tsohuwar tukunya, a huda gindinta, a zuba rairayi da taki wanda ya ruɓe. A ɓalle ƙaramin kwai ɗaya daga jikin uwar, a maida uwar raminta a rufe. Masu tonowa duka su kai kasuwar Filinge ran Lahadi, su ke ƙarar da shi a daji. Kar a binne wuyan kwan, kuma kar a cika ruwa, ruɓewa yake yi. In ganye ya bushe, kar a zubar da tukunya, bai mutu ba.

Masu magani suna aiki da shi. Wani ya aje don kasuwa, wani don tsari. Ni dai ban shiga wannan gardama ba. Abin da na sani shi ne kwan gadali yana da dafi. Likitoci suna kiran dafin likorin. Wanda ya ci, sai amai da zawo da murɗar ciki, kuma yaro ƙarami ba ya jure zawo. Ko a Turai akwai danginsa masu fure bayan sanyi, kuma can ma mutane kan ɗauke su albasa su sa a miya, su kwana asibiti.

To yaya za a gane? A kankare a sansana. Gadali ba ya warin albasa. A aje tukunyarsa nesa da murhu, inda hannun yara ba ya kai. In yaro ya ci, a kai shi likita nan take, a tafi da sauran kwan a nuna.