Filin Manoma: Awon Ruwan Sama da Lokacin Shuka

Ya ku manoma, ga bazara ta kama, kowa ya yi sharar gona ya kai taki, idonsa na gabas. Yau za mu yi magana a kan wata na'ura da a ke kira rada, wadda masana su ke awon ruwan sama da ita, domin kada a ji an ce ta ga ruwa a Bici ko Dambatta a ɗauki iri a ruga gona.

Ga yadda ta ke aiki. Takan harba wata irin igiyar rediyo cikin hadari, ta bugi ɗigon ruwa ta komo, kamar amsa-kuwwa. Da ƙarfin abin da ya komo a ke lissafin yawan ruwan. Akwai ta ƙasa, kamar wadda aka kawo daga Amurka aka kafa a Yamai cikin 1906 da shekara ɗari, watau 2006, don binciken hadarin da ke taso mana daga gabas. Akwai kuma ta sama, wadda Amurka da Japan suka harba cikin tauraron ɗan'adam a 1997, aka bi ta da wata a 2014.

To, ga inda gizo ke saƙa. In ɗigo ya ninka wani sau 2 a faɗi, ruwan da ke cikinsa ya ninka sau 8 ne kawai, amma amsar da ya ke mayar wa na'urar sau 64 ce. Ashe manyan ɗigo 'yan kaɗan sai su ruɗe ta, ta ce ruwa ya yi yawa. Ƙananan ɗigo kuwa, ko da sun jiƙa ƙasa sharkaf, sai ta raina su.

Wannan shi ya sa awonta ya ke sākewa da lokaci. A ƙasashen bakin teku, kamar Ikko, ruwan farkon damina da na ƙarshenta mai tsawa ne da manyan ɗigo, na tsakiya kuwa iskar teku ke kawo shi, ɗigonsa ƙanana. Tilas masana su riƙa gwada lissafinsu da ma'aunin ruwa na ƙasa, su gyara shi bisa ga lokacin.

Mu ma nan haka abin ya ke. Hadarin watan Mayu da farkon Yuni mai iska ne da ƙura da manyan ɗigo. Ban da haka iska a bushe ta ke, sai ta shanye wani ruwan tun bai taɓa ƙasa ba. Na'ura ta gan shi a sama, gona ba ta sha ba. Amma cikin marka, watan Agusta, sa'ad da a ke wuni ana yayyafi, abin da ƙasa ta sha yakan fi abin da ta faɗa.

Me za mu yi? Ku sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, ku ajiye shi a fili nesa da itace da rufin ɗaki. In ruwa ya ɗauke ku auna zurfinsa. Inci 1 milimita 25 ke nan. Masana aikin gona sun ce ruwan shuka shi ne ya kai milimita 20 cikin kwana 3, kuma kada a yi kwana 7 a jere babu ruwa bayansa. Sa'an nan ku tona ƙasa ku ga ko lema ta kai tsawon tafin hannu, domin jigawar Kunci da Tsanyawa ba ta riƙe ruwa. In ba ta kai ba, ku haƙura, musamman da gyaɗa, don irinta da tsada.

Ba mu ce ku ƙi jin labarin masana ba, ku ji shi ku shirya. Amma gani ya kori ji. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.