Kafin Sallah Ta Ƙarato a Briqueterie

Jama'ar Briqueterie, ku sayi shadda da atamfa a kasuwar Mokolo tun da sauran wata guda, ku kai wa tela. Makon Sallah kuɗin ɗinki tashi yake yi, wani ma sai daren Sallah yake karɓar riga ba maɓalli. Ragon layya kuwa tun yanzu ake tanadinsa: sefa 2,000 duk Juma'a, a adashi ko Orange Money, kafin shekara ta zagayo kun haura 100,000. In rago ya gagara, mutum 7 su haɗu su yanka sa, shari'a ta yarda. Don Allah a ware kuɗin makarantar yara na Satumba, kada barka da Sallah ta cinye shi.