Me ya sa ChatGPT ya ƙi buɗewa a Guangzhou?

Tambaya: Ina amfani da ChatGPT wajen rubuta wa masu kamfani wasiƙa da Turanci. A Kano yana aiki lafiya lau, amma da na sauka Guangzhou ta ƙasar China saro kaya sai ya ƙi buɗewa. Wayata ce ta lalace? — Ɗan kasuwa, Kantin Kwari

Amsa: Alhaji, wayarka lafiyarta ƙalau. Irin wannan manhaja ba a cikin waya take aikinta ba. Saƙonka yana zuwa ne manyan rumbunan kwamfuta na kamfanin, a duba adireshin intanet ɗinka a ga daga wace ƙasa kake magana. OpenAI, kamfanin da ya mallaki ChatGPT, na da jerin ƙasashen da ya amince wa. Najeriya da Nijar da Ghana suna ciki. China da Rasha da Iran ba sa ciki. Ita ma China tana da nata shingen, wanda ya toshe Google da WhatsApp.

Wani lokaci kuma doka ce ke jawo haka. A 2023 Italiya ta dakatar da ChatGPT kusan wata guda kan batun kare bayanan mutane.

Kada ka dogara da VPN, wato manhajar da ke ɓoye ƙasar da kake, don tsallake shingen. Kamfanin ya yi gargaɗin zai iya rufe asusun wanda ya shiga daga ƙasar da ba a amince ba, kuma China na takura wa VPN maras lasisi.

Kafin tafiya ta gaba, ka shirya wasiƙun ciniki tun a gida, ka adana su a waya. Idan ka isa, DeepSeek da Qwen, manhajoji irin ChatGPT, suna aiki can, suna kuma jin Turanci. Sai dai kada ka zuba musu bayanan bankinka ko lambar fasfo.