Darasi: In Kotu Ta Nemi Bayanan Wayarka

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi duk mai ƙetara iyaka da dabba zuwa kasuwannin Najeriya, Jibiya ce, Illela ce ko Maigatari.

Wani abokin cinikina ya sayi bijimai hannun wani dillali a kara, ashe na sata ne. Da aka kama dillalin sai ga lambar abokin nawa cikin wayarsa. Nan take mai gabatar da ƙara ya sa kotu ta aika wa kamfanin waya sammaci, a kawo lissafin kiransa. To, wannan lissafi ba ya ɗauke da maganar da aka yi. Lambar da aka kira yake nunawa, da lokaci, da tsawon hirar, da ƙarfen sabis da ya ɗauki kiran. Amma da shi kaɗai ana iya cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Ba a ƙin sammaci da taurin kai, ba a kuma goge abin da ke cikin waya, domin hakan wani laifin ne. Lauya ake kamawa, wato aboka a faɗarmu, ya roƙi alƙali ya soke sammacin ko ya taƙaita shi. Ƙofofinsa uku ne.

Ta farko, alaƙa. In cinikin na mako guda ne, me ya kawo neman kiran shekara biyu, har da na iyali?

Ta biyu, sirri. Sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin hirar waya, ko da yake sashe na 45 ya bar wa doka damar taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaro da zaman lafiya.

Ta uku, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Takardar da kwamfuta ta fitar ba ta karɓuwa sai an tabbatar wa kotu na'urar tana aiki daidai lokacin da ta adana bayanin. In ba a cika wannan sharaɗi ba, lauya ya tashi tun kafin a shigar da ita.

A kula, sashe na 14 na dokar ya ba alƙali damar karɓar shaida ko da an samo ta ta hanyar da ba daidai ba. Don haka kada ka jingina da ƙofofin nan kaɗai. Abin da ya fid da abokina shi ne littafin cinikinsa: ranar saye, kuɗi, la'ada, da shaidun da aka tafa a gabansu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙa rubuta cinikinka, kada kuma ka ba 'yan kora aron layin da ke ɗauke da sunanka. Allah Ya tsare mu da dukiyar haram, amin.